Yadda Ake Yin Ribas Ba Tare Da An Kayar Da Mai Tafiya A Ƙasa Ba, Da Abin Yi Idan Kai Ya Bugu

Direba zai natsu tsaf a kan hanyar Jos ko ta Ningi, amma da ya iso ƙofar gida a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi sai ya sa giyar baya yana amsa waya, wai ai motar ba gudu take yi ba. Raina kama ka ga gayya. Ba sai mota ta yi gudu ba kafin ta illata ƙwaƙwalwar mutum. Bayan bas, ko Sienna, ko Sharon, ko jif, a miƙe yake kamar bango. Ture mutum yake yi, kuma galibi wanda aka ture ya ba motar baya ne, bai gan ta ba balle ya tare faɗuwar da hannu. Sai ya tafi gaba ɗaya, kai ya daki kwalta ko bakin kwalbati. Sau da yawa ƙasar ce ke yin ɓarnar fiye da motar.

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan ƙoƙon ya tsaya cak a kan siminti, ita sai ta daki bangonsa daga ciki, jijiyoyin jini su tsinke. Ƙoƙon babban mutum ba ya buɗewa, don haka jinin da ya taru ba shi da wurin zuwa sai ya danne ƙwaƙwalwar. Ƙaramin yaro kuwa kansa daidai bamba yake, shi ne abin da motar ke fara samu, daga nan taya ta biyo. A Amurka, hukumar kula da lafiyar tituna ta ƙasar ta ƙiyasta a 2014 cewa ribas na kashe kimanin mutum 210 a shekara, ya raunata 15,000. Kashi 31 cikin ɗari na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 26 kuma tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama. Nan gida Najeriya ma waɗannan biyun ne abin tsoro, ga ƙarin almajirin da ya raɓe a inuwar mota da gurgun da ke tafiya a ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Madubai uku masu lafiya, na ciki da na gefe biyu. Tsumma da gorar ruwa. Tef na awo, in babu taki ya isa. Sanda ko wani abu mai tsawon santimita 70, misalin tsayin yaron da ya fara tatata; bokiti biyu sun yi, a kife ɗaya a ɗora ɗayan a tsaye a kansa. Alli ko gawayi. Tocila. Weji na katako guda biyu. Sai akwatin agaji mai ɗauke da bandeji, auduga mai tsabta, safar hannu da almakashi. Idan da hali, a ƙara kamarar baya da ƙararrawar ribas, masu wayarin suna haɗa su. Ka ajiye lambobi biyu a wayarka: 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, da 112 ta kiran gaggawa.

1. Auna wurin da idonka ba ya kaiwa

Sau ɗaya kowane direba zai yi wannan ga kowace mota, kuma shi ne ke sauya wa direba tunani. Samu fili shimfiɗaɗɗe, ka ja hambirek, ka zauna yadda ka saba zama. Wani ya ɗauki sandar ya tsayar da ita jikin bamba ta baya, a tsakiya, ya riƙa ja da ita baya kaɗan-kaɗan har sai ka hango kanta ta madubin ciki ko ta waiwaye. Ya ja layi da gawayi a nan. A maimaita daidai fitilar dama da ta hagu. Sai ka fito ka auna daga bamba zuwa layin.

A ƙaramar mota akan samu mita uku zuwa huɗu. A irin su Hilux takan kai bakwai ko fiye, kuma gajeren direba nasa ya fi na dogo tsawo. Bas ɗin da aka cika wa bayanta da buhuna ba ta da iyaka, domin madubin ciki ya mutu gaba ɗaya. Ka tsaya ka dubi filin nan da kyau: yara nawa za su zauna a ciki suna wasan ƙasa ba ka ga ko ɗaya ba? Idan mota ɗaya kuke tuƙawa da uwargida ko ƙane, kowa ya auna nasa.

2. Gyara abin gani da abin ji

Goge gilashin baya da madubai kullum, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya cikin dare ɗaya. Cire matashin kai, kwalin tishu da hular da aka jera a bayan kujera. Sitika da baƙin tinti mai kauri a gilashin baya suna cinye rabin ganinka da magariba. Masu Keke Napep su duba ledar tagar baya, in ta yi ja ta dushe a sauya ta.

Saita madubin gefe yadda za ka ga ɗan siririn jikin motarka, sauran duk hanya. Madubin dama a yawancin motoci yana ƙanƙanta abu, sai ka ɗauka yana nesa alhali ya kusa. Fitilar ribas fara ce, kuma ita ce kawai ke gaya wa na baya cewa za ka taho. Don gwada ta, taka birki ka sa giyar baya wani ya duba maka daga gefe, ko ka juya wa bango baya da dare ka ga haskenta. In ba ta kawo ba, ƙwai ne ya ƙone, ko fis, ko ɗan makunnin da ke jikin giyabos. Gyaran ba shi da tsada, kada a bar shi ya kwana.

Kamara tana da amfani sosai, shi ya sa Amurka ta wajabta ta a sababbin ƙananan motoci tun Mayun 2018. Sai dai idonta ɗan mitsitsi ne, ɗigon taɓo ɗaya ya rufe shi, kuma ba ta nuna wanda ke tahowa a guje daga gefe sai ya riga ya shigo. Na'urar da ke ƙara idan an kusa bango kuwa, bango ta fi ji. Takan kasa jin ƙaramin yaro ko siririn abu, kada ka dogara da shirunta.

3. Zagaya motar kafin ka shiga

Fara daga baya, ka bi ta dama, ka zo gaba, sannan ka shiga. Sunkuya ka leƙa ƙarƙashi. Da rana tsaka a bakin Kasuwar Wunti ko Muda Lawal, ƙarƙashin babbar mota inuwa ce, yara da masu talla da awaki duk suna fakewa a nan. Ranar Juma'a a duba ko wani ya shimfiɗa darduma a bayan motar yana nafila, domin mai sujada ba ya fitowa a madubi. Da dare a haska da tocila.

Kada ka tsaya a kan abin da ke bayan motar kaɗai, duba wanda zai iso cikin daƙiƙa goma masu zuwa: dattijon da ya fito daga masallaci yana dogara sanda, yarinya da farantin gyaɗa a ka, 'yan Islamiyya da aka taso. Yi musu magana da baki. "Baba, don Allah a ɗan dakata, zan fito da mota." "Hajiya, a riƙe yaron nan." Hon ba ya maye gurbin wannan, don akwai kurma, akwai tsohon da jinsa ya yi rauni, akwai yaron da bai san ma'anar hon ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a zagaya, a shiga, sannan a zauna ana ɗumama inji ko ana duba saƙo minti uku. Zagayen ya lalace. In ka daɗe a zaune, fito ka sake.

4. Ƙirga yaran gida

Wannan matakin ya fi kowanne nauyi a wurina, domin yawancin yaran da ake takawa a ƙofar gida, na gida ne ke tuƙin: uba, kawu, yaya, maƙwabci. Yaro ya ji an tayar da mota, ya fito a guje yana "Baba, a dawo lafiya," shi yana ganin motar, don haka a tunaninsa Baba ma yana ganinsa.

Kafin ka motsa, ka san inda kowane ƙaramin yaro yake. Ko dai suna cikin mota, ko suna cikin gida an rufe ƙofa, ko suna tsaye wuri ɗaya da kake ganinsu, babba na riƙe da hannunsu. A ware musu wurin tsayawa guda, misali dakalin zaure, ya zama doka. Kada a ce wa ɗan shekara shida ya riƙe ɗan shekara biyu, zai sake shi. Kada kuma a aiki yaro ya buɗe get sannan a yi ribas ta inda yake tsaye. Ya buɗe, ya koma inda kake ganinsa, sannan ka motsa. Ranar suna, biki ko ta'aziyya, da gida ya cika da yaran da ba ka san adadinsu ba, kada ka ja mota baya sai da babban mutum a tsaye yana duba maka.

5. Zauna daidai

Kashe rediyo, ajiye waya, sauke gilashin gefe biyu don ka ji ihu ko bugun jikin mota. Fasinjoji su yi shiru. Taka birki, sa giyar baya, ka ɗan jira daƙiƙa biyu ko uku don na baya su ga farar fitila, ka yi gajeren hon sau biyu. Hannun hagu a saman sitiyari, ka juya ta kafaɗar dama ka kalli gilashin baya kai tsaye. Idan motar ba ta da gilashin baya, ko wuyanka ba ya juyuwa, madubin gefe biyu ne idonka, kuma buƙatar mai duba maka ta ƙaru.

6. Ja baya da saurin mai tafiya a ƙasa, ko ƙasa da haka

Mai tafiya a ƙasa yana cin kamar kilomita 5 a awa, wato kusan mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. A gudun kilomita 10 a awa, mota tana cin kusan mita uku a daƙiƙa. Tsakanin ido ya gani da ƙafa ta taka birki akwai daƙiƙa guda ko fiye, ka ga ke nan motar ta riga ta shafe mita uku kafin ta fara tsayawa. Shi ya sa ribas ba ya son totur.

A mota mai giya da kanta, ƙafa tana kan birki ne, kana sassautawa motar na silalewa da kanta. Amfanin haka biyu ne: tsayawa nan take, da kauce wa kuskuren da firgici ke jawowa, inda direba ke danna totur yana zaton birki ne. A mai kuloci, ɗaga kulocin zuwa inda motar ta fara ja ka riƙe shi a nan, ƙafar dama na shawagi a kan birki.

Ido kada ya zauna wuri ɗaya: baya, madubin hagu, madubin dama, kamara, baya kuma. Ka riƙa waiwayar gaba ma, domin idan ka karya sitiyari kana ribas, gaban motar yana fita waje ta ɗaya gefen, ya share wanda ke tsaye kusa da tayar gaba. In za ka fito daga get ko daga tsakanin motoci biyu, tsaya da zarar bamba ta kai bakin hanya, ka ba masu wucewa damar ganinka, sannan ka ƙara rabin mita ka sake tsayawa. Taƙaita ribas iya abin da zai ba ka damar juyawa. Kada ka fito da baya daga lungu zuwa babban titi, kuma in ka wuce kwanar da kake nema, je ka zagayo.

Da ka ji motar ta taɓa wani abu, ko taya ta hau wani tudu da ba ka san da shi ba, tsaya cak. Kada ka ƙara totur don ka haye, kada kuma ka yi gaba. Fito ka gani.

7. Aiki da mai duba maka baya

Bas, Kanta, tifa da duk motar da aka yi wa lodi ba a ja da su baya sai da yaron mota. Ku daidaita alama tun kafin a fara: yafito da hannu na nufin taho, tafin hannu a buɗe sama na nufin tsaya, bugu ɗaya mai ƙarfi a jikin mota ma tsaya ne. Ya tsaya ta ɓangaren direba, can baya kuma a gefe, inda kake ganinsa a madubi. Kada ya tsaya daidai bayan motar, kada ya shiga tsakaninta da bango, kada ya riƙa tafiya da baya yana kallonka, don in ya yi tuntuɓe shi ne zai shiga ƙarƙashi. Dokar guda ce: ya ɓace daga madubi, ka taka birki. A tasha mutum biyar za su taso kowa na "zo, zo, zo". Zaɓi ɗaya ka bi, amma "tsaya" daga bakin kowa ta fito, a tsaya.

In babu kowa, yi ribas ɗin kashi-kashi. Ja mita biyu, ja hambirek, fito ka duba, ka ƙara.

8. Yi fakin yadda za ka fita da gaba

Lokacin da ka iso wuri kana ganin filin gaba ɗaya, ka san babu kowa a ciki, to a lokacin ya fi sauƙi ka shiga da baya. Lokacin fita kuwa ba ka san me ya canja ba. Ka saba shigar da mota gareji da baya tun da yamma, safiya ta yi ka fita da gaba lokacin da yara ke shirin makaranta. Haka a asibiti, makaranta da masallaci.

9. Idan an riga an buge mutum

Kashe inji, ja hambirek, sa weji. Kada a motsa motar sai an ga inda mutumin yake kwance. A kira 122 ko 112. In yana ƙarƙashi kuma mota ta danne shi, a ɗaga da jak a kan ƙasa mai tauri, ana cusa katako a ƙarƙashi yayin da take ɗaguwa, don kada ta dawo kansa. Direba kada ya gudu. In taro ya fara zafi har yana tsoron ransa, ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya ba da rahoto.

Duk wanda kansa ya bugu, a ɗauka wuyansa ma ya taɓu. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa, ya riƙe kan da hannu biyu daidai kunnuwa, kada ya bari ya juya. Yi masa magana: "Malam, kana ji na? Yaya sunanka?" Duba ƙirjinsa ko yana numfashi. In ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti. In yana numfashi amma a sume, ko ya fara amai, mutum uku su mirgina shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da baya a layi ɗaya, don kada aman ya shaƙe shi.

Fatar kai tana zubar da jini da yawa ko da yankan ƙarami ne. Ɗora auduga ko tsumma mai tsabta ka danna. Amma in ka ji ƙashin ya lotsa, rufe kawai, kada ka danna. Jini ko ruwa garai-garai da ke fita ta kunne ko hanci alamar fashewar gindin ƙoƙon kai ce, kada a toshe shi.

Ga abubuwan da jama'a ke yi da kyakkyawar niyya suna ƙara ɓarna. Ana sheƙa wa wanda ya suma ruwa ana jijjiga shi. Ana ɗura masa ruwa ko madara, su wuce huhu. Ana ɗaga shi ta hannu da ƙafa kai na reto, a cusa shi cikin Keke a zaune. In ya fara jijjiga ana tura masa cokali a baki. Duk a bari. Mai jijjiga a kawar masa da abin da zai buge shi, a kare kansa, in ta lafa a mirgina shi gefe.

10. Ɗauka da kaiwa asibiti

In motar asibiti ba za ta samu ba, a nemo faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa. A mirgina shi a kai, a naɗe zane biyu a tokare kan dama da hagu, a ɗaure goshi da ƙirji da cinya da ɗankwali ko rawani. A sa shi a motar da zai kwanta a miƙe, mai riƙe kai ya tafi tare da shi. A Bauchi, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya fi kusa da Gombe ya nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke can. Raunin kai yana buƙatar inda za a iya ɗaukar hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jinin da ya taru a ciki. Kemis da mai ɗori ba su da abin yi a nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. A gaya wa likita ƙarfe nawa abin ya faru, ko ya suma da tsawon suman, sau nawa ya yi amai, da magungunan da yake sha.

11. Wanda ya tashi ya ce "ba komai"

Nan ne ake asarar rayuka. Mutum ya faɗi, ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya karkaɗe riga ya ce ya yafe, kowa ya yi hamdala a watse. Akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashin siririn ƙashin da ke tsakanin ido da kunne. In ta tsinke, mutum na iya yin awa ɗaya ko 'yan awoyi yana magana garau, jini na taruwa, sannan ya kwanta barcin da ba ya tashi. In an kai shi da wuri, tiyata tana cetonsa.

Saboda haka duk wanda ya suma ko na daƙiƙa kaɗan ne, ko bai tuna abin da ya faru ba, ko ƙaramin yaro ne, ko tsoho, ko mai shan maganin tsinka jini irin su asfirin da wafarin, likita ya gan shi a ranar. Direba ya dage: "Baba, na ji ka yafe, Allah ya saka da alheri, amma don Allah mu je a duba kan nan."

In an sallame shi, babba ya zauna tare da shi kwana biyu. A mayar da shi asibiti nan take in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon kai mai ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, barci mai nauyi da wuyar tashi, ruɗewa ko sambatu, harɗewar harshe, raunin hannu ko ƙafa, gani biyu-biyu, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, jijjiga, ko taruwar jini a bayan kunne da kewayen ido. A jariri a lura da kuka marar tsayawa, ƙin kama nono, da kumburin maɗiga. Don ciwon kai farasitamol kaɗai za a ba shi. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna iya ƙara zubar jini, maganin barci kuma yana ɓoye alamun.

Tsofaffi nasu yakan zo a makare. Jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsu da ƙoƙon kai sun miƙe sun yi rauni, sai jini ya riƙa tsattsafowa a hankali. Bayan mako biyu, ko wata ɗaya, ko fiye, a ga Baba ya fara mantuwa, yana jan ƙafa, yana yawan barci, a ce tsufa ne ko shanyewar ɓarin jiki. A kai shi asibiti, kuma a tabbatar an gaya wa likita cewa kwanakin baya mota ta ture shi kansa ya bugu, ko da a lokacin ko ƙwarzane bai yi ba.